Ƙaunar Allah da Ƙaunar Maƙwabci

In aka tambaye ka yau ko kana ƙaunar Allah, na sani ba za ka yi jinkirin amsawa ba. Za ka ce, "Ƙwarai kuwa." Kowa haka ya ke cewa, gama wannan amsa ba ta cin kuɗi, babu kuwa wanda zai iya buɗe ƙirjinka ya duba. Amma in aka sake tambaya aka ce, "To, mutumin nan da ya ci maka iyakar gona bara, kana ƙaunarsa?" a nan ne harshe ya kan yi nauyi. Mutane da yawa suna tsammani tambayoyin nan biyu daban daban su ke. Abin da wannan 'yar takarda ta ke so ta nuna maka shi ne, a wurin Yesu Almasihu tambaya ɗaya ce, amsar ta biyun kuwa ita ce shaidar ta farin. Ka karanta a hankali, ka gwada kowace magana da Littafi Mai Tsarki, kana ka gwada kanka da ita.

1. DOKA BIYU DA BA A RABA SU

Malaman Yahudawa sun ƙirga dokokin da ke cikin Attaurar Musa, suka ce 613 ne. Mutumin da aka ɗora wa kaya masu yawa haka, dole ya so ya san wanda ya fi nauyi. Wata rana a Urushalima wani masanin Attaura ya kawo wa Yesu wannan tambaya, wace doka ce babba. Shi doka ɗaya ya nema, Yesu kuwa ya ba shi biyu. Ta farin ya ɗauko ta daga Kubawar Shari'a sura 6, wadda Bayahude mai ibada ya kan karanta safe da yamma. Ma'anarta, mutum ya ba Allah ƙaunarsa ɗungum, kada ya rage wani lungu na zuciya ko na hankali ko na ƙarfi ya ɓoye wa kansa. Ta biyun ya ɗauko ta daga Littafin Firistoci sura 19. Ma'anarta, mutum ya auna wa maƙwabcinsa da mudun nan da ya ke auna wa kansa. Ya kuma nuna cewa sauran dokoki duka, da koyarwar annabawa, waɗannan biyu ne ginshiƙansu.

Ka buɗe wannan sura ta 19 ka gani da idonka irin abubuwan da ke kewaye da dokar ƙauna. An hana manomi ya kwashe gonarsa ƙarƙaf, sai ya bar gefe da kala saboda matalauci da baƙo. An hana maigida ya kwana da ladan ɗan ƙodago a hannunsa. An hana zagin kurma, da sa wa makaho abin tuntuɓe. An hana alƙali ya dubi fuska, an hana ɗan kasuwa ya tauye ma'auni. Ka ga, tun daga farko ƙaunar da Allah ya umurta tana da hannu da ƙafa. Ana samunta a gona da kasuwa da ɗakin shari'a.

Manzo Yohanna bai sassauta wannan magana ba ko kaɗan. A wasiƙarsa ta fari ya kira mai cewa yana ƙaunar Allah alhali yana ƙin ɗan'uwansa maƙaryaci. Hujjarsa kuwa mai sauƙi ce. Ɗan'uwanka yana gabanka, kana ganin ramarsa, kana jin tarinsa da dare. In wanda ido ke gani bai sami wuri a zuciyarka ba, da me za ka tabbatar mana cewa Wanda ido bai gani ba ya samu?

2. SO DA ƘAUNA

Sai mu tsaya mu gane kalmar kanta, gama kuskure da yawa daga nan ya ke fitowa. A bakinmu mutum yana son zuma, yana son doki, yana son yarinya, yana son abokin hirarsa. So ya kan bi abin da ya gamshi rai. Yana zuwa ba a kira shi ba, yana kuma tafiya ba ya sallama. Shi ya sa a kan ce so hana ganin laifi. Irin wannan so kyautar Allah ce, ba abin rainawa ba ne, amma ba shi ne Yesu ya umurta ba.

An rubuta Sabon Alkawari da Helenanci, kalmar da manzanni suka fi amfani da ita a kan wannan batu kuwa ita ce agape, wadda mu ke karantawa a Hausa ƙauna. Abin da su ke nufi da ita shi ne mutum ya ƙudura a zuciyarsa zai nemi alherin wani, ya kuma aikata, ko wannan mutum ya cancanta ko bai cancanta ba, ko zai rama ko ba zai rama ba. Tun da ya ke doka ce, lalle tana cikin abin da mutum ke iya yi da niyya. Ba a umurtar harshe ya ji zaƙin maɗaci, amma ana iya umurtar mutum ya sha saboda magani.

Muna da al'adu masu kyau na taimakon juna. Akwai gayya, inda samari su kan taru su nome gonar ɗaya, wata rana su koma ta wani. Akwai adashi. Akwai biki, inda mace ta kan kai wa ƙawarta gudummawa ranar suna ko aure, ita ma a kawo mata in nata ya zo. Waɗannan duka suna riƙe gari, hannu ɗaya kuwa ba ya ɗaukar jinka. Amma ka sani kowannensu yana da lissafi. Wadda aka yi wa biki ba ta rama ba, ba da daɗewa ba za a daina zuwa ƙofarta. Yesu ya ce irin wannan alheri ko masu karɓar haraji na zamaninsa, waɗanda kowa ya raina, sun iya shi. Wata rana kuma yana cin abinci a gidan wani babba, ya shawarci maigidan cewa in zai yi liyafa ya kira gajiyayyu da guragu da makafi, dalilin kuwa shi ne ba su da abin ramawa. Ƙaunar Kirista tana farawa ne a daidai inda lissafin biki ya ƙare.

3. INDA RUWAN YA KE FITOWA

Za ka ce, "Wannan ya fi ƙarfin ɗan Adam." Gaskiyarka. Tulu ba ya haifar da ruwa, abin da aka zuba masa shi ya ke bayarwa. Domin haka dokar farko ta zama ta farko.

Bishara ba ta fara da ƙaunarmu ga Allah ba, ta fara da ƙaunarsa gare mu. Manzo Bulus ya tuna wa masu bi na Roma cewa Almasihu ya mutu dominsu tun ba su tuba ba, tun suna gaba da Allah. Bai jira mu gyaru ba tukuna. Da ya bi lissafin biki, da babu ɗayanmu da zai taka ƙofarsa. Wanda ya gane wannan da gaske, ya san an yafe masa bashin da ba zai iya biya ba har abada, zuciyarsa ta kan yi taushi, ƙaunarsa ga Allah kuwa godiya ce. Yana yin addu'a domin yana marmarin Ubansa. Yana kiyaye umarni ko a cikin duhu inda ba mai ganinsa. Yana dogara gare shi a shekarar da damina ta yi kyau da shekarar da fari ya ƙone gero.

Amma ga abin tambaya. Allah ba ya jin yunwa, ba ya jin sanyi, ba a kai shi asibiti. To, in zuciyarka ta cika da godiya, ina za ka kai ta? Ka tuna da Bitrus a bakin Tekun Galili bayan tashin Ubangiji daga matattu. Sau uku ya yi musun saninsa, sau uku kuma Yesu ya tambaye shi ko yana ƙaunarsa. Kowane karo da Bitrus ya amsa, sai Yesu ya danƙa masa kiwon garkensa, watau mutanensa. Bai ce ya gina masa hasumiya ba. Haka kuma cikin Bishara ta Matiyu sura 25, inda a ke kwatanta ranar shari'a, an lissafta mutum iri shida: mayunwaci, mai ƙishirwa, baƙo, marar sutura, majinyaci, da ɗan kurkuku. Sarkin ya ce abin da aka yi musu shi aka yi wa, abin da aka hana su shi aka hana. Ashe Allah ya riga ya nuna maka inda za ka kai kyautarsa. Ya aiko masu karɓa a madadinsa, suna kuwa zaune a unguwarku.

4. HANYAR YARIKO

Zuciyar mutum tana da wayo. Da ta ji an ce a ƙaunaci maƙwabci, sai ta nemi a shata mata iyaka, domin ta san waɗanda za ta bari a waje. Haka wani masanin Attaura ya yi, kamar yadda Luka ya rubuta a sura 10. Ya nemi Yesu ya gaya masa ko wa a ke kira maƙwabci, Yesu kuwa ya amsa masa da misali.

Daga Urushalima zuwa Yariko tafiyar wajen kilomita 27 ce, gangara ce ta wajen mita 1,000 ta cikin duwatsu da kwazazzabai, wurin da 'yan fashi su ke samun maɓoya. A nan suka tare wani matafiyi, suka tuɓe shi, suka yi masa duka, suka bar shi rai a hannun Allah. Firist ya zo ya gan shi, ya ratse. Balawe, mai hidimar Haikali, shi ma ya gan shi, ya ratse. Kada ka yi saurin zaginsu. Mai yiwuwa sun ji tsoro ko 'yan fashin suna nan kusa. Mai yiwuwa sun ɗauka gawa ce, taɓa gawa kuwa ya kan ƙazantar da mai hidima bisa ga Attaura. Kowannensu yana da hujja, kamar yadda ni da kai kullum mu ke da hujja. Abin lura shi ne, su biyun nan aikinsu ke nan ƙaunar Allah, da ita a ka san su, a kanta su ke ci.

Na ukun Basamariye ne. Domin ka ji nauyin wannan, sai ka san tsakanin Yahudawa da Samariyawa akwai tsohuwar gaba. Samariyawa suna sujada a Dutsen Gerizim, Yahudawa a Urushalima, kowane ɓangare yana ganin ɗayan ya ɓata. Fiye da shekara 100 kafin haihuwar Almasihu, wani shugaban Yahudawa mai suna Yohanna Hirkanus ya rushe haikalin Samariyawa. Ba su cin abinci a ƙwarya ɗaya. To, wannan mutum ne ya tsaya. Ya wanke raunukan da mai da ruwan inabi, ya ɗaure, ya ɗora shi a kan dabbarsa shi kuwa ya taka da ƙafa, ya kai shi masauki, ya kwana yana jinyarsa. Da safe ya ba mai masaukin dinari biyu, watau ladan ɗan ƙodago na kwana biyu, ya kuma ɗauki alkawarin biyan abin da ya ƙaru in ya komo.

Ka lura da yadda Yesu ya juya tambayar. Masanin ya tambayi wanda ya cancanci a kira shi maƙwabci. Yesu ya tambaye shi, cikin ukun nan wa ya zama maƙwabci ga wanda aka sara. Ya ɗauke ma'aunin daga kan mutumin da ke kwance ya ɗora a kan wanda ke tsaye. Mai raunin tsirara ya ke, ba ya magana, ba a san kabilarsa ko addininsa ba. Bukatarsa ita kaɗai ce takardar shaidarsa. Masanin kuwa ko sunan Basamariye bai iya furtawa ba, sai ya ce wanda ya ji tausayin. Yesu ya sallame shi da umarni ya je ya yi koyi da mutumin da ya ke rainawa.

5. BASAMARIYE A ƘASARMU

Kada ka ce wannan labarin dā ne na wata ƙasa mai nisa. A ranar 23 ga Yuni, 2018, 'yan bindiga suka faɗa wa ƙauyuka a yankin Barikin Ladi cikin Jihar Filato, suka kashe mutane da yawa. Waɗansu da suka tsere, yawancinsu Kirista, suka gudo ƙauyen Nghar. Limamin ƙauyen, Malam Abubakar Abdullahi, dattijo mai shekara 83 a lokacin, ya buɗe musu ƙofa. Ya sa waɗansu a cikin gidansa, waɗansu a cikin masallaci. Da maharan suka zo suka ce ya fito da su, ya ƙi, ya tsaya yana roƙonsu da ransa a hannu, har suka tafi. Mutum 262 aka lissafta sun tsira ta hannunsa, a shekarar 2019 kuwa gwamnatin Amurka ta ba shi lambar girma saboda wannan aiki.

Ya kai Kirista, me za ka ce? Yesu da kansa ya zaɓi mutumin da ba na jama'arsa ba ya mai da shi abin koyi, saboda haka ba kunya ba ce mu koya daga wannan dattijo. Abin kunya shi ne mu da mu ke karanta misalin kowace shekara mu kasa aikata shi. Ka tambayi kanka tsakaninka da Allah: da a ce a garinku abin ya faru, masu gudun kuwa Musulmi ne, masu korarsu kuma suna kiran kansu da sunan da ka ke kiran kanka, za ka buɗe musu ƙofar majami'a? Za ka tsaya a bakin ƙofar?

Akwai kuma wani abu cikin labarin. Limamin ya gaya wa 'yan jarida cewa fiye da shekara 40 kafin wannan rana, Kiristocin wurin ne suka ba Musulmi filin da aka gina masallacin. Waɗanda suka ba da filin ba su san suna gina wa 'ya'yansu mafaka ba. Sun ba da shi ne kawai domin maƙwabci yana bukata. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza, amma Allah ne ya san ranar da za a tsince shi.

6. ƘAUNAR MAƘIYI

Yanzu mun zo wuri mai tsauri. Cikin wa'azinsa a kan dutse Yesu ya faɗaɗa dokar har ta kai ga maƙiyi da mai tsanantawa, ya ce a yi musu addu'a. Ya ba da dalili daga abin da kowane manomi ya sani. Rana ba ta zaɓen gonar da za ta haska, ruwan sama kuma ba ya tsallake gonar azzalumi. Ɗa ya kan ɗauko halin ubansa. Shi kansa kuwa a kan gicciye ya roƙa wa masu kafa masa ƙusa gafara.

Masu bi na farko sun ɗauki wannan da gaske. A shekarar 250 Sarkin Roma Desiyus ya tsananta wa ikilisiya ƙwarai. Ba a daɗe ba wata muguwar annoba ta shiga birnin Kartaj, wanda kangonsa ke ƙasar Tunisiya a yau. Mutane suna gudu suna barin 'yan'uwansu a kan titi. Bishof na birnin, Sifiriyan, ya tara masu bi ya gargaɗe su su yi jinyar kowa, har da waɗanda jiya jiya su ke kai ƙararsu. Suka yi, masu kuɗi da kuɗinsu, matalauta da hannuwansu. Shi kansa aka fille masa kai saboda bangaskiya a 258. Bayan shekara 100 da 'yan kai, a 362, Sarki Yuliyan, wanda ya bar bin Almasihu ya so ya komar da bautar gumaka, ya rubuta wa wani babban firist nasa yana kuka cewa Kirista suna ciyar da matalautansu suna kuma ciyar da na masu bautar gumaka. Shaidar abokin gaba ta fi ta aboki ƙarfi.

Ga kuma wani. A ƙasar Holan, a 1569, aka kama wani mutum mai suna Dirk Willems saboda an sake yi masa baftisma yana babba, abin da hukumar wurin ta haramta. Ya tsere daga kurkuku. A ƙasarsu sanyi ya kan daskarar da ruwan tafki har mutum ya taka, sai ya bi ta kan ƙanƙarar ya haye. Mai gadin da ke binsa ya taka, ƙanƙarar ta fashe, ya faɗa ruwa yana kururuwa. Hanya a buɗe ta ke gaban Dirk, amma ya juyo ya jawo shi. Aka sake kama shi, aka ƙone shi da wuta kusa da garinsu Asperen a ranar 16 ga Mayu na wannan shekara. Ka lura da abu biyu. Ƙauna ba ta yi masa alkawarin tsira ba, ita ma ba ta yi maka. Waɗanda suka ƙone shi kuma da sunan Almasihu su ke amsawa, suna tsammani hidimar Allah su ke yi. Haka ƙaunar Allah ta kan zama in aka raba ta da ƙaunar mutum.

7. AMSAR WAƊANSU MAGANGANU

Wani zai ce, "In na ƙaunaci mugu, ashe na ba shi izini ya ci gaba da mugunta." A'a. Ƙauna tana neman alherin mutum, ci gaba da zunubi kuwa ba alherinsa ba ne. Uban da ke ƙaunar ɗansa ya kan kwaɓe shi. Gafara ita ce ka ajiye ramuwa, ka daina fatan halakarsa, ka bar hukuncin ƙarshe ga Allah. Ba ta hana ka faɗin gaskiya a gaban alƙali ba, ba ta hana ka kāre marar ƙarfi ba. Ke 'yar'uwata wadda a ke duka a ɗaki, ba a ce ki yi shiru da sunan ƙauna ba. Ki gaya wa dattawan ikilisiya, ki gaya wa iyayenki, in ya kama ki kai ga hukuma. Dattawan da suka ji kuma suka kau da kai, su ne firist da Balawe na wannan zamani.

Wani zai ce, "Na yi ƙoƙari, amma zuciyata ba ta sonsa." Ka fara da abin da ke hannunka. Ka gaishe shi in kun haɗu. Ka daina ba da labarin laifinsa a majalisa. Ka ambaci sunansa cikin addu'arka kowace safiya, ka roƙa masa abin da ka ke roƙa wa kanka. Da wuya mutum ya daɗe yana yi wa wani addu'a da gaske ƙiyayyar ta zauna yadda ta ke. In kuwa raunin babba ne, an kashe maka ɗa ko an ƙone maka gida, Allah ya san zafinsa, ba ya kuwa raina hawayenka. Irin wannan gafara ta kan ɗauki shekaru. Abin da a ke nema gare ka yau shi ne ka juya fuskarka wajenta, ka roƙi ƙarfin da ba ka da shi.

Wani zai ce, "Ni matalauci ne, ba ni da abin bayarwa." Gwauruwar da Yesu ya yaba a Haikali 'yan kuɗin tagulla biyu ta jefa. Zumunta a ƙafa ta ke. Kana da ƙafar zuwa dubiya, kana da hannun ɗebo wa tsohuwa ruwa, kana da bakin da zai tsaya wa wanda a ke yi wa ƙazafi.

Wani kuma zai ce, "Ga mutane suna alheri ba su san Almasihu ba, to, mene ne amfanin dokar farko?" Mu gode wa Allah saboda kowane alheri, ko daga wane hannu ya fito, gama dukan mutane cikin kamanninsa aka halicce su. Amma ka dubi zuciyarka. Rijiyarta ta kan ba da ruwa da damina, sa'ad da a ke gode maka a ke yabonka. Da rani fa, ranar da aka saka maka alheri da sharri? A ranar nan wanda ya ke yi domin mutane ya kan gaji, wanda kuwa ya ke yi domin Allah yana da inda zai koma ya ɗebo.

8. KA GWADA KANKA

Maganar ƙauna tana da daɗi a majami'a ranar Lahadi. Ranar Litinin a ke gwada ta. Mai ƙaunar dukan duniya wanda ba a jin daɗinsa a gidansa, ruɗin kansa ya ke yi. Saboda haka ka amsa waɗannan a ɓoye, ba mai jinka sai Allah.

Yaya ka ke magana da matarka in baƙi sun tafi? Maraya ko agolan da ke gidanka, tuwonsa ɗaya da na 'ya'yan cikinka, makarantarsu kuma ɗaya? Yaron da ya yi maka aikin gona, ka biya shi kafin rana ta faɗi, ko kana ce masa gobe? Mudun da ka ke saye da shi, shi ne ka ke sayarwa da shi? Ka taɓa yin algus a hatsi ko a mai? Akwai wani a cikin ikilisiya wanda ku ke cin Jibin Ubangiji tare amma ba ku gaisawa? In aka yi rasuwa a gidan maƙwabcinka Musulmi, kana zuwa ta'aziyya? In aka fara zagin wata kabila a inda ka ke zaune, ko aka aiko maka da jita-jita ta waya mai hura wutar gaba, kana kashe ta ne ko kana ƙara mata itace?

In ka sami kanka da gibi a wani wuri, kada ka fid da zuciya, kada kuma ka ɗaga sai wata rana. Yesu ya koyar cewa wanda ya kawo baiko ya tuna akwai wata magana tsakaninsa da ɗan'uwansa, sai ya ajiye baikon ya je su shirya tukuna. Ka ga Allah da kansa ya yarda ya jira. Ka zaɓi mutum ɗaya, wanda sunansa ya zo maka sa'ad da ka ke karanta wannan takarda, ka je wurinsa cikin makon nan.

Kafin ka tafi, ka durƙusa ka yi addu'a kamar haka:

Ya Allah Ubanmu, kai ka neme ni tun ina gudunka, ka yafe mini abin da ba zan iya biya ba. Ka zuba ƙaunarka cikin zuciyata ta wurin Ruhunka Mai Tsarki. Ka buɗe idona in ga wanda ke kwance a bakin hanyata, ka hana ƙafata ratsewa. Ka sa wa wanda ya cuce ni albarka, ka shirya tsakaninmu. Ka ba ƙasarmu salama. Domin Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.